YADDA A KE AUNA HAƊARIN ZAFTAREWAR DUSAR ƘANƘARA A DUWATSUN TURAI

Malaman da ke koyar da labarin ƙasa sun saba nuna wa yara hoton duwatsun Alp na Turai, kawunansu fari fat kamar an yafa musu alawayyo. Yara su yi sha'awa, malam ya ce wannan ita ce dusar ƙanƙara, a wuce gaba. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, wannan farin abu ya kan zaftaro daga kan dutse ya binne mutane, har a kan yi hasarar rayuka kimanin 100 kowace shekara a duwatsun Alp kaɗai. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda mutanen can su ke auna wannan haɗari kafin su shiga dajin duwatsu da hunturu. Za mu ɗauki misali da ƙasar Suwizalan, domin ta daɗe ƙwarai a kan wannan aiki, kuma yawancin abin da ta sani da alƙalami da littafi ta tara shi.

Yadda Dusar Ta Ke Taruwa

Kada a haɗa ta da ƙanƙarar da ta kan sauko mana tare da ruwan sama ta ɓata amfanin gona. Waccan tauri gare ta kamar tsakuwa. Dusar ƙanƙara kuwa laushi gare ta kamar audugar rimi, galibinta iska ce. Idan aka cika akwati mai mita 1 kowane gefe da sabuwar dusa, nauyinta ba zai wuce kamar kilo 100 ba, alhali ruwa cikin akwatin nan kilo 1,000 ne.

A kan manyan duwatsu ta kan fara sauka tun wajen Nuwamba, ba ta narkewa sai Afrilu ko Mayu. Kowace sauka ta kan kwanta bisa wadda ta riga ta, kamar yadda magini ya ke ɗora sahun tubali bisa sahu. Kafin Fabrairu sai a tarar tulin ya kai mita 2 ko fiye, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace da halinta: wata ta daskare da ƙarfi, wata ta yi ɓawo don rana ta taɓa ta, wata kuwa ta zama gari. Mai tafiya a sama ba ya ganin ko ɗaya. Fari kawai ya ke gani, sumul, ko'ina iri ɗaya. To, a nan wuyar al'amarin ta ke, domin abin da ke kisa a ƙasa ya ke binne.

Zaftarewa iri-iri ce. Akwai wadda ta kan fara daga wuri ɗaya ƙanƙane, tana gangarowa tana faɗi, kamar an zubo gari daga kan tudu. Wannan ba ta cika kisa ba. Mai kisan ita ce wadda za mu kira ta allo. A aza ƙyauren katako bisa gero da aka watsa a kan gangare, sa'an nan mutum ya hau ƙyauren. Haka abin ya ke. Shimfiɗar sama ta manne ta zama allo guda, a ƙarƙashinta akwai wata mai rauni, gangaren kuma ya kai digiri 30 ko fiye. Ga wanda bai saba da wannan awo ba, digiri 45 shi ne inda kowane taki ɗaya gaba ya ke daidai da taki ɗaya sama, digiri 30 kuwa ya ɗan ɗara rabin wannan hawa. Galibin zaftarewar allo tsakanin digiri 35 da 45 ta ke aukuwa.

Da zarar nauyin mutum ya karya shimfiɗa mai rauni a wuri ɗaya, sai karayar ta ruga ta ƙarƙashi ko'ina, fiye da gudun doki. Kafin ƙiftawar ido allon duka ya ɓalle, wani lokaci faɗinsa ya fi filin ƙwallo, mutumin kuwa yana tsakiyarsa. Cikin daƙiƙa kaɗan gudunsa ya kan kai kilomita 100 a sa'a. In ya tsaya sai ya daskare kamar daɓe, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. An lissafta cewa cikin mutum 10 da irin wannan ta kan ci, kimanin 9 su ne su ka tashe ta da ƙafarsu, ko kuwa wani cikin abokan tafiyarsu.

Daga Ina Raunin Ya Ke Fitowa?

Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa ba ta cika sanyi ba, ta kan tsaya wajen digiri 0 a ma'aunin zafi, alhali iskar sama ta kan sauka digiri 10 ko 20 ƙasa da haka. Saboda wannan bambanci, tururi ya kan riƙa tashi a hankali daga ƙasan tulin zuwa sama, yana sāke siffar ƙwayoyin dusa, su zama masu kusurwa, manya, ba su manne wa juna, kamar sukari. Masana sun gano cewa in bambancin ya kai digiri 1 cikin kowane santimita 10, wannan sākewa ta kan yi sauri. Saboda haka shekarar da dusa ta yi ƙaranci da farkon hunturu, aka kuma yi sanyi mai tsanani, ita ce ta kan bar mugun tushe. Baƙo zai zaci ƙarancin dusa sauƙi ne, 'yan ƙasa kuwa sun san ba haka ba ne.

Hanya ta biyu ita ce raɓa. A daren da gari ya yi garau, babu iska, raɓa ta kan daskare bisa fuskar dusa ta yi kamar gashin tsuntsu a tsaye. Abin sha'awa ne da safe. Amma in sabuwar dusa ta sauko ta rufe ta, ta zama tarko, kuma ta kan yi makonni a binne ba ta warke ba.

Ta uku iska ce, har mutanen duwatsu su kan ce ita ce mai ginin zaftarewa. Kowa ya ga yadda iskar hunturu ta ke kwashe rairayi daga fili ta jibge shi bayan katanga. Haka ta ke yi da dusa: ta share gefen dutse da ke fuskantarta, ta niƙe ƙwayoyin, ta danƙare su a ɗaya gefen, su zama allo mai kauri ko da ba a yi sabuwar sauka ba. Ta huɗu kuwa ɗumi ne ko ruwan sama. Daga Maris zuwa gaba, gangaren da ya ke daskare lafiya lau da asuba ya kan jiƙe ya sake kafin azahar, don haka matafiya su kan yi sammako su dawo tun da hantsi.

Sabuwar dusa ma da nata awo. In yanayi ya yi kyau, sai ta kai santimita 30 zuwa 50 cikin kwana 1 zuwa 3 kafin a fara tsoro. Amma in da iska mai ƙarfi, da sanyi, da tushe mai rauni, santimita 10 zuwa 20 ma ta isa.

Darasin 1951

Mutanen Suwizalan sun daɗe da sanin wannan masifa. Tun cikin 1397 mutanen Andermatt su ka rubuta doka ta hana sare itatuwan kurmin da ke bisa garinsu, domin itatuwa su ke riƙe dusa. Cikin 1881 babban mai duba gandun dajin ƙasar, Johann Coaz, ya buga littafi a kan zaftarewar dusa, bayan ya sa ma'aikatansa sun yi ta rubuta inda ta ke aukuwa. Cikin 1936 aka fara bincike a kan dutsen Weissfluhjoch da ke bisa garin Davos, kuma cikin 1942 aka kafa ma'aikata sosai, wadda a ke kira SLF a taƙaice. Filin awonta yana bisa mita 2,540 daga bakin teku, watau ya fi Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, wanda ya ke mita 2,419. Tun daga 1936 a ke auna dusa a filin nan kowace rana ta hunturu, a rubuta. Cikin 1945 ma'aikatar ta karɓi aikin gargaɗi daga hannun soja, ta fara fitar da sanarwa ga jama'a.

Sai ga hunturun 1951. Cikin Janairu dusa ta yi kwanaki tana sauka ba ƙaƙƙautawa, da iska. Ran 20 ga watan zaftarewa ta faɗa wa ƙauyen Vals ta kashe mutum 19, a Andermatt kuma 13. Cikin Fabrairu abin ya koma gefen kudu, garin Airolo ya yi hasarar mutum 10. Kafin hunturun ya ƙare mutum 98 sun rasu a Suwizalan, gine-gine kimanin 1,500 sun rushe, a Ostiriya kuwa mamatan sun kai 135. Daga nan gwamnati ta tashi tsaye. Aka ƙara wuraren awo, aka kafa shingayen ƙarfe a kan gangaren da ke bisa garuruwa har tsawonsu duka ya haura kilomita 500, aka zana taswira mai nuna inda aka hana gini sam da inda a ke yi bisa sharaɗi.

Masu Awo Da Aikinsu

Ma'aikatar tana da masu lura kimanin 200 warwatse cikin duwatsu, waɗansu manoma ne, waɗansu ma'aikatan hanya, waɗansu masu tsaron filayen wasan zamiya. Da yawansu kowace safiya su kan fita cikin sanyi su auna dusar da ta sauka cikin dare, da zurfin tulin duka, su rubuta zaftarewar da su ka gani, su aika Davos. Tun 1996 aka ƙara musu da na'urori masu aiki da kansu a ƙwanƙolin duwatsu, masu auna iska da zafi da zurfin dusa dare da rana. Duk da haka na'ura ba ta sa hannu cikin dusa, don haka sau biyu a wata a kan haƙa rami.

Ga yadda a ke yi. Mai awo ya kan haƙa da shebur har ya taɓo ƙasa, ya gyara bangon ramin ya yi sumul, sa'an nan ya bi shi daga sama zuwa ƙasa yana alamta iyakar kowace shimfiɗa. Taurinta da hannu a ke gwadawa, mataki biyar: wadda dunƙulen hannu ya ke shiga, da ta yatsa huɗu, da ta yatsa ɗaya, da wadda sai fensir, da wadda sai wuƙa. In aka tarar da ta dunƙule kwance ƙarƙashin ta fensir, to, ga gero ga ƙyaure. Ya kan ɗebi ƙwayoyi ya duba su da madubin ƙara girma, ya soka ma'aunin zafi kowane santimita 10, ya rubuta duka.

Bayan wannan sai gwajin ƙarfi. A yanka ginshiƙin dusa da zarto, santimita 30 kowane gefe, a aza bakin shebur a kansa, a buga sau 10 da motsin wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa, a lura da bugun da ya karya shi, da kuma ko karayar ta fita santsi farat ɗaya. Akwai kuma babban gwaji: a yanke tubali mai faɗin mita 2 da tsawon mita ɗaya da rabi, mutum ya hau da takalman zamiya, ya tsaya, ya durƙusa, ya yi tsalle, a ba shi lamba daga 1 zuwa 7 gwargwadon abin da ya sa ya goce.

Amma su kansu masanan suna jan kunne cewa rami labarin wurinsa kawai ya ke bayarwa. Taki 20 gaba dusa tana iya zama dabam. Rami ɗaya ya isa ya hana mutum tafiya, amma bai isa ya ba shi izini ba. Amfaninsa na gaske sai an haɗa shi da ramuka masu yawa, da awon kwanakin baya.

Matakai Biyar

Da, kowace ƙasa da nata ma'aunin haɗari, matafiyi ya ƙetare iyaka ya rikice. Cikin 1993 ƙasashen Turai su ka daidaita a kan matakai biyar: na 1 kaɗan, launinsa kore, na 2 matsakaici, rawaya, na 3 mai yawa, ruwan lemo, na 4 babba, ja, na 5 babba ƙwarai, ja da baƙi. A Suwizalan sanarwa ta kan fito da ƙarfe 5 na yamma, a sabunta ta da ƙarfe 8 na safe, cikin Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi, a intanet da wayar hannu. Ba lamba kaɗai ta ke faɗi ba. Ta kan nuna tsawon da haɗari ya fara, da fuskar dutsen da ta fi muni, da irin ciwon: sabuwar dusa, ko ta iska, ko tsohon rauni a binne, ko jiƙa, ko kuwa tulin duka ne ke zamewa bisa ƙasa. Gangaren da ke fuskantar arewa, wanda rana ba ta cika taɓawa ba, shi ya fi riƙe rauni.

To, ga abin lura. Mutum zai zaci mataki na 5 ya fi cin rai. A lissafin Suwizalan kuwa, kimanin rabin mamata a mataki na 3 su ke rasuwa, kimanin kashi 30 cikin 100 a na 2. Dalili a fili ya ke. A na 4 da na 5 kowa ya ga bala'i, an rufe hanyoyi, mutane na ɗaka. A na 3 kuwa rana ta fito, dutse ya yi kyau, dusa ba ta faye zaftarewa da kanta ba, tana jiran ƙafa ce kawai. Lamba 3 cikin 5 kuma ga ido kamar tsaka-tsaki ce.

Abin Da Ya Rage Ga Matafiyi

Sanarwa ta yanki ce mai faɗi, ba ta san gangaren da mutum zai taka ba. Wani jagoran duwatsu ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya tsara hanya cikin shekarun 1990 wadda a ke kira uku sau uku. Abu uku a ke dubawa: halin dusa da yanayi, siffar ƙasa, da mutanen da ke tafiyar. Sau uku kuma a ke duba su: a gida da taswira da sanarwa, a gindin dutse da ido, sa'an nan a bakin kowane gangare kafin a sa ƙafa. Ya ba da ƙa'ida mai sauƙi: a mataki na 2 a tsaya ƙasa da digiri 40, a na 3 ƙasa da 35, a na 4 ƙasa da 30.

Dutse kansa ya kan yi gargaɗi. Sabuwar zaftarewa a gangare mai kama da wanda a ke nufi ita ce babbar shaida. Akwai kuma tsagar da ta kan ruga daga bakin takalmi, da wata ƙara mai zurfi kamar an bugi ganga a ƙarƙashin ƙasa, wadda a kan ji sa'ad da shimfiɗa mai rauni ta rufta. Wanda ya ji wannan ba ya bukatar rami. A wurin shakka a kan bar tazarar mita 10 tsakanin mutum da mutum wajen hawa, wajen sauka kuwa ɗaya-ɗaya, sauran suna kallo daga wurin tsira, don kada a binne su duka a rasa mai tono.

Wani masani Ba'amurke, Ian McCammon, ya bi labarin haɗura 715 da su ka auku a Amurka daga 1972 zuwa 2003, ya tarar da yawan waɗanda abin ya ci sun ga alamu, su ka wuce. Wani don ya saba da wurin, wani don ya riga ya ƙudura sai ya kai ƙoli, wani don ya ga sawun mutane, wani don ya dogara ga wanda ya ke zato gwani ne, wani kuwa kunyar abokai ta hana shi cewa a koma. Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dutsen yana nan mako mai zuwa.

In Abin Ya Auku

Wanda aka tono cikin minti 10 zuwa 15 na farko, in dai dusar ba ta buga shi da dutse ko itace ba, kimanin 9 cikin 10 su kan rayu. Bayan rabin sa'a kuwa bai fi 3 cikin 10 ba, domin numfashi ya kan ƙare. Jirgi mai saukar ungulu ba ya cika isowa cikin wannan lokaci, saboda haka abokan tafiya su ne masu ceto. Kowa ya kan rataya 'yar na'ura a jikinsa mai aika sauti ta iska, irin wadda John Lawton ya ƙago a Amurka cikin 1968. In an binne ɗaya, sauran su juya nasu zuwa saurare, su bi sautin, su soka doguwar sanda har ta taɓa shi, su haƙa da shebur. Mutumin da ke zurfin mita 1 sai an kwashe dusa fiye da tan guda kafin a kai gare shi. Masu ceto ma ba su tsira ba: ran 3 ga Janairu 2010, a kwarin Diemtig, zaftarewa ta biyu ta faɗo kan masu tonon ta fari, mutum 7 su ka rasu, har da likitan da jirgi ya kawo.

Shin duk wahalar nan ta biya? Cikin Fabrairu 1999 aka sāke yin hunturu mai kama da na 1951. A Galtür ta Ostiriya mutum 31 su ka rasu ran 23 ga watan, a Evolène ta Suwizalan 12. Amma jimlar waɗanda su ka rasu a gidaje da hanyoyin Suwizalan 17 ce, ba 98 ba, ko da ya ke mutane da motoci sun ninka na da. Yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na masu rasuwa a ƙasar waɗanda su ka shiga dajin duwatsu ne da ƙafarsu, inda babu shinge sai hankalin mutum. Cikin 2018 hukumar UNESCO ta sa wannan sani na Suwizalan da Ostiriya cikin gādon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

Muna so akawuna da malamai su lura da tushen abin. Mai fitar da sanarwa a Davos ya san akwai raɓa a binne a zurfin santimita 60 domin wani ya fita da asuba makonni uku da su ka wuce, ya gan ta, ya rubuta ranar da wurin. Da ya yi ƙyuya ya cika layin da ka, da an ce wa mutane hanya lafiya. Ranar da babu abin da ya sauka ma ya kan fita ya duba, ya rubuta 0, domin sifirin nan shi ma shaida ne. Duk wanda aka ba ma'aunin ruwan sama a makaranta, ko littafin lissafi a ofis, irin wannan amana ce a hannunsa, ko da bai san ranar da za a nemi abin da ya rubuta ba.